SHARHI: Tambaya daga Gombe, amsa daga Amurka: Yadda Google ke tace bayanan cututtuka da giɓin da Abuja ta bari

Daga 1 ga Oktoban 2023 zuwa 11 ga Maris na 2024, Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙirga mutum 1,742 da ake zargin sun kamu da sanƙarau a jihohi bakwai na Najeriya, 153 daga cikinsu suka riga mu gidan gaskiya. Gombe na cikin jihohin, tare da Adamawa da Bauchi da Jigawa da Katsina da Yobe da Zamfara. A ƙarshen watan Maris ɗin aka fara allurar sabuwar rigakafin Men5CV mai kariya daga nau'i biyar na ƙwayar cutar, Najeriya ta zama ƙasar farko a duniya da ta yi amfani da ita. Wannan ɓangaren labarin ya shiga rahotanni, an yi yabo, yabon kuma ya dace.

Akwai ɓangaren da ba ya shiga rahoto, wato kwanakin da ke tsakanin kwanciyar yaro na farko da ranar da hukuma ta kira cutar da sunanta. A irin waɗannan kwanaki maganar da ke yawo ita ce "baƙuwar cuta". Uwa a Bajoga ko a unguwar Bolari cikin garin Gombe ta ga ɗanta da zazzaɓi mai zafi, wuyansa ya sanƙare, yana kauce wa haske. Kafin a kai ga likita, sau da yawa ɗan'uwan da ya yi boko ake fara kira, wanda ke aiki a Abuja, domin shi ne "mai sani". Shi kuwa akawu ne ko mataimakin wani ɗan majalisa, bai taɓa shiga ajin likitanci ba. Abin da zai yi sananne ne: ya buɗe waya, ya rubuta tambayar a Google, ya karanta abin da ya fara fitowa, ya naɗi murya ya aika gida. Ta haka amsar da na'ura ta zaɓa ke isa ɗakin da babu ko waya mai intanet, ta isa da muryar ɗan gida wanda aka yarda da shi.

Saboda haka yadda matambayi-ba-ya-ɓata ke jera amsoshinsa magana ce ta lafiyar al'umma, kuma ta shafi ma'aikatan tarayya ta fuska biyu. Su ne masu tambayar, su ne kuma ke zaune a ofisoshin da ya kamata amsar ta fito.

Kuɗinka ko ranka

Injin bincike ba likita ba ne, kuma a asalin aikinsa ba ya rubuta komai. Yana da manhajoji da ke kewaya shafukan intanet dare da rana suna kwafar abin da suka tarar, ya tara a rumbu, idan an yi tambaya ya jero shafukan da yake ganin sun fi dacewa. A Najeriya wannan aikin kusan na kamfani ɗaya ne, domin sama da kashi 90 cikin 100 na binciken da ake yi ta Google ake yin sa.

Kamfanin ya daɗe da gane cewa tambayar lafiya daban take da tambayar sakamakon ƙwallo. A watan Fabrairun 2015 ya bayyana cewa ɗaya cikin kowane bincike 20 da ake yi masa na neman bayanin lafiya ne, ya kuma fara fitar da akwatunan bayanin cututtuka waɗanda likitoci suka duba, ciki har da na asibitin Mayo Clinic da ke Amurka. A ƙa'idojin da yake bai wa mutanen da yake ɗauka su auna ingancin sakamakon bincike, akwai rukunin shafuka da ya laƙaba wa sunan da ke nufin "kuɗinka ko ranka", kalmar da Bahaushe ya fi sani a bakin ɗan fashi. Shafukan da ke iya taɓa lafiyar mutum ko aljihunsa ake nufi, kuma ana tsananta musu: wa ya rubuta, mene ne ƙwarewarsa, wace hukuma ce ke bayansa. A watan Agustan 2018 wani babban sauyi a tsarin jera amsoshin ya tura shafukan lafiya masu yawa ƙasa, ya ɗaga na manyan asibitoci da hukumomi. Da korona ta ɓulla a farkon 2020, kamfanin ya haɗa kai da WHO ya riƙa ɗora sanarwar gaggawa a saman sakamako.

Ba don Allah kaɗai aka yi wannan taka-tsantsan ba. A 2011 Google ya biya gwamnatin Amurka dala miliyan 500 saboda karɓar tallar shagunan magani na Kanada masu shigar da magunguna Amurka ba bisa ƙa'ida ba. A China kuma, a watan Afrilun 2016, wani ɗalibi mai shekara 21, Wei Zexi, ya mutu da wani nau'in ciwon daji bayan iyalinsa sun kashe dukiya a kan maganin da ya samo ta injin Baidu, inda asibitin ya sayi gurbin sama da kuɗi. Kafin ya mutu ya rubuta labarinsa, ƙasar ta ɗauki zafi, hukumomi suka tilasta wa Baidu rage tallace-tallace da fayyace su. Kowane gyara da aka samu, wani ne ya biya farashinsa tukuna, kuma a ƙasashen da hukuma ke iya murɗe wa kamfani kunne aka yi shi.

Tsarin yana aiki gwargwadon hali ga mai tambaya da Turanci game da cutar da Turawa suka sani. Matsalar tana farawa ne daga inda aka sauya harshe, ko aka sauya ƙasa.

Idan rumbun babu hatsi

Duk tsananin tacewar injin, abin da ke cikin rumbu yake tacewa. A 2018 masu bincike biyu, Michael Golebiewski na kamfanin Microsoft da Danah Boyd ta cibiyar Data & Society, suka ba wannan hali suna, suka kira shi ramin bayanai: kalmar da ake tambaya a kanta amma babu ingantaccen rubutu da ke amsa ta. Injin ba ya son ya ce bai sani ba. Zai kawo abin da ya samu, kuma wanda ya riga kowa cike ramin shi ne zai zauna a sama.

A fagen lafiya da Hausa, an san waɗanda suka riga kowa. Duk wanda ya taɓa neman "maganin sanyi" ko "maganin basir" ya ga bidiyoyin masu haɗa magani, kowane da lambar wayarsa a jiki, da alƙawarin rabuwa da ciwo cikin kwana bakwai. Waɗannan mutane sun fahimci abin da ma'aikatu ba su fahimta ba. Suna magana da kalmomin da mara lafiya ke tambaya da su, suna saka sabon abu kullum, suna amsa wanda ya yi musu magana. Ba wayon kwamfuta suka fi kowa ba, kasuwa ce suka tarar babu kowa suka baje kaya.

Sunayen cututtuka da Hausa kuma sun ƙara dagula lissafin, domin ba a kan layin littafin likita aka yanka su ba. "Shawara" na iya zama rawayar idon jariri sabon haihuwa, na iya zama alamar ciwon hanta, na iya zama zazzaɓin nan da sauro ke yaɗawa, irin wanda ya ɓarke a 2019 daga yankin Yankari a ƙaramar hukumar Alkaleri ta Bauchi, wadda ke maƙwabtaka da Gombe. Kalmar dai ita ce kuma ake faɗa idan an je neman nasiha. Abubuwa uku ne masu hatsari daban-daban, ɗaya ana kare shi da allura guda, ɗaya yana iya lalata ƙwaƙwalwar jariri idan an yi jinkiri, amma duk suna ɗaya suke amsawa. "Sanyi" ya haɗa cututtukan da ake ɗauka ta saduwa da na mafitsara da ciwon gaɓoɓi. "Fuka" daban, "tarin fuka" daban. "Mashaƙo", da aka sani da ciwon maƙogwaro da ƙirji wanda ba a cika ɗaga hankali a kansa ba, shi ne sunan da aka bai wa cutar da ta ɓarke daga Kano a ƙarshen 2022 ta kashe ɗaruruwan yara, akasarinsu waɗanda ba su samu rigakafi ba. Uwar da ta ji ana cewa mashaƙo na kisa tana da dalilin ta ɗauka zuzutawa ce irin ta gwamnati.

Har haruffa suna da nasu rabon. Mafi yawan masu waya ba sa sa lanƙwasa, don haka "sanƙarau" kan koma "sankarau", harafi ɗaya ke nan tsakaninsa da "sankara". Ɗaya ciwo ne da ake jinyarsa watanni ko shekaru, ɗayan yana iya kashe yaro cikin kwana guda.

Sai a ce ai ɗan'uwan na Abuja yana jin Turanci, ya tambaya da shi. Haka yake yi, kuma zai samu amsa mai inganci, sai dai an rubuta ta ne domin wasu mutane. Shafukan Birtaniya kan sanƙarau suna ba da muhimmanci ga ƙurajen da ba sa dishewa idan an danna musu kofin gilashi, alamar da ke da wuyar gani a baƙar fata, kamar yadda hukumar lafiyar ƙasar, NHS, ita kanta take gargaɗi. Shafukan Amurka za su ce a kira 911. Babu wanda zai ce masa daga Disamba zuwa Yuni, lokacin ƙura da zafi, duk zazzaɓin da ya zo da sanƙarewar wuya a arewacin Najeriya abin gudu ne zuwa asibiti a daren, ba sai gari ya waye ba.

Darasin Kaltungo

Babu inda wannan giɓi ya fi fitowa fili kamar a saran maciji, kuma babu jihar da ta fi Gombe sanin zancen. A Kaltungo, kudu da babban birnin jihar a kan hanyar Yola, akwai asibitin da aka keɓe domin waɗanda maciji ya sara. Dubban mutane yake karɓa duk shekara, daga Gombe da Bauchi da Taraba da Adamawa da Borno, yawancinsu manoma da makiyaya, cunkoson kuma ya fi yawa lokacin shuka da na girbi. Macijin da ya fi kawo su shi ne kububuwa, wadda ake wa kirari da "gobe da nisa". Dafinta yana hana jini daskarewa. Wanda ta sara yana iya tafiya da ƙafarsa a ranar farko, da kumburi kawai, ya ɗauka abin ya zo da sauƙi, sai daga baya jini ya fara fita ta dasashi, ta tsohon rauni, wani lokaci ya tsiyaya cikin ƙwaƙwalwa. Idan ba a yi magani ba, mutum 10 zuwa 20 cikin 100 kan mutu. Da sahihiyar allurar kashe dafi, adadin kan sauko ƙasa da biyu.

Abin lura shi ne, babban kaso na abin da duniya ta sani game da wannan maciji a arewacin Najeriya aka gano shi. A shekarun 1970 likitan Birtaniya David Warrell ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, kuma daga binciken saran kububuwa a wannan yanki aka samo gwajin nan mai sauƙi da har yau ake amfani da shi a ƙasashe da dama: a zuba jinin mara lafiya a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a jira minti 20, idan bai daskare ba to dafi ya shiga jiki. Magungunan EchiTAb da aka haɗa musamman domin macizan Najeriya sun samu ne ta haɗin gwiwar Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da masana na Liverpool da Oxford. Daga nan ake kama macizan, a tatsi dafinsu a Ingila, a haɗa maganin a Wales da Costa Rica. A Kaltungo aka gwada su a kan marasa lafiya 400, aka wallafa sakamakon a 2010. Masana irin su Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ta Kano sun shafe shekaru suna rubutu a kan lamarin, kuma irin wannan ƙoƙari na cikin abin da ya sa WHO ta saka saran maciji a jerin manyan cututtukan da aka yi sakaci da su a 2017.

Duk wannan ilmi yana nan, cikin mujallun likitoci, da Turancin da sai masani. Ɗan manomin da ya tsaya a kan mahaifinsa a gona da waya a hannu ba zai same shi ba. Idan ya tambaya da Turanci, yana iya faɗawa kan shawarar da aka tsara domin macizan Amurka, ko ta Ostireliya inda ake naɗe gaɓar da aka sara da bandeji mai matsi, dabarar da aka ƙirƙira domin dafin da ke shanye jijiyoyi, ba irin na kububuwa mai kumbura nama ba. Idan ya tambaya da Hausa, hatsarin shi ne ya tarar da abin da ya riga ya ji a gari: a ɗaure da igiya, a tsaga wurin, a tsotse, a ɗora baƙin dutse. WHO ta yi hani da waɗannan duka. Ɗaurin kan kashe gaɓa, tsagar kuma ƙofa ce ake buɗe wa jinin da ba zai tsaya ba.

Akwai kuma abin da ko shafin da ya fi kowane inganci a ƙetare ba zai faɗa masa ba, wato ba kowace kwalba mai hoton maciji ce ke aiki a nan ba. A wani asibitin karkara a Ghana, da aka maye gurbin maganin da aka saba da wani da aka haɗa da dafin macizan Indiya, mace-mace sun tashi daga kashi 1.8 zuwa kashi 12.1 cikin 100, kamar yadda binciken da aka wallafa a 2008 ya nuna. Iyalin da suka sayar da akuya suka sayo irin wannan kwalba a kemis sun yi asara biyu. Wannan bayani ne da shafi guda na Hausa, mai tambarin ma'aikata, zai iya ɗauka. Kaltungo kuma ƙasar Tangale ce, ga Waja da Tula a kusa, ga Fulfulde a ko'ina cikin jihar. Idan Hausa mai miliyoyin masu magana tana cikin wannan hali, sauran harsunan ba a ma fara zancensu ba.

Hukuma ta fi ƙwarewa a gogewa

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Hukumar Daƙile Yaɗuwar Cututtuka ta Ƙasa, NCDC, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa ta a watan Nuwamban 2018, tana cikin hukumomin da suka fi fitar da bayanai a kai a kai. Tana da layin kira kyauta, 6232. Rahotanninta kan zazzaɓin Lassa da kwalara da sanƙarau suna fitowa da taswira da jadawali, jiha bayan jiha. Amma an rubuta su ne da Turanci domin masana da masu ba da tallafi, suna amsa tambayar "mutum nawa", alhali uwa tana tambayar "me zan yi yanzu". Saƙonnin da ake fassarawa zuwa Hausa kuwa, yawanci a jikin hoto ake zana su a saka a Facebook ko X, ko a yi su waƙar rediyo. Rubutun da ke cikin hoto ba ya samun matsayin da cikakken shafi ke samu a wurin injin bincike, saƙon murya na WhatsApp kuma ba ya ganin sa sam. Likitocin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe na iya shiga gidajen rediyon garin su yi bayani mai gamsarwa na sa'a guda, da an rufe shirin iska ta tafi da shi. Wanda ɗansa zai kwanta bayan mako uku ba shi da inda zai nemo shi.

Da gwamnati ta waiwayi manyan kamfanonin intanet, ta ƙofar hukunci ta shiga. An dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. A 2022 hukumar NITDA, a zamanin da ɗan Gombe Farfesa Isa Ali Ibrahim Pantami ke ministan sadarwa, ta fitar da kundin ƙa'idoji da ya wajabta wa manyan dandali su yi rajista a Najeriya, su naɗa wakili, su riƙa sauke haramtattun bayanai idan an sanar da su, su kuma miƙa rahoton shekara. Akwai hujjar yin hakan. Sai dai a fagen lafiya, sauke ƙarya rabin aiki ne. Idan aka goge bidiyon mai maganin ƙarya guda, ramin da ya cike yana nan, na biyu a layi ne zai hau. Ba a taɓa warkar da yunwa ta hanyar ƙwace ruɓaɓɓen abinci kaɗai ba.

Ƙasar nan ta ga abin da saurin jita-jita ke yi. A watan Agustan 2014, makonni kaɗan bayan Patrick Sawyer ya shigo Legas da Ebola, saƙo ya zagaye ƙasa cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. 'Yan'uwa ne suka riƙa tada juna daga barci da kira, cikin ƙauna. Aƙalla mutum biyu suka mutu, wasu suka kwanta asibiti, a jihohin da Ebola ba ta taɓa zuwa ba. A Maris na 2020, bayan Shugaba Donald Trump ya yabi kulorakwin, hukumomin Legas suka sanar da samun waɗanda suka sha shi fiye da ƙima. A lokutan biyu ƙaryatawar hukuma ta zo, amma bayan an riga an sha.

Sabuwar murya, tsohuwar shakka

Tun daga watan Mayun 2024 Google ya fara sauya kamanni. A maimakon jerin shafuka da mai tambaya zai zaɓa, ƙirƙirarriyar basira ce ke haɗa masa taƙaitacciyar amsa a sama. A makonnin farko aka yi ta dariyar kurakuranta, ciki har da shawarar a zuba gam a abinci da ta a riƙa cin ƙaramin dutse kullum, kamfanin ya ce ya yi gyara, ya kuma faɗaɗa tsarin zuwa ƙasashe sama da 200 a 2025. A Oktoban 2024 ya sanar da ƙara Hausa cikin harsunan da ake iya bincike da murya, abin da ke buɗe ƙofa ga miliyoyin da ba sa rubutu.

Ci gaba ne, amma yana ɗauke da wani hatsari na daban. Jerin shafuka, duk da aibinsa, yana nuna wa mutum wanda ke magana, ya ga wannan asibiti ne, wancan mai talla ne. Taƙaitacciyar amsa murya ɗaya ce mai natsuwa, ba ta in-ina ko da ta yi kuskure. Kuma abin da aka ciyar da ita take amayarwa. A harshen da ingantaccen rubutun lafiya ya yi ƙaranci, abin da ke cike wurin shi ne fassarar na'ura da babu likitan da ya duba, wadda wata na'urar za ta sake karantawa a matsayin hujja. A Satumban 2025 Ministan Sadarwa Bosun Tijani ya sanar da N-ATLAS, manhajar ƙirƙirarriyar basira ta Najeriya mai jin Hausa da Yarabanci da Ibo. Iya harshe daban, sanin bambancin shawarar jariri da ta ciwon hanta daban. Sai an rubuta mata za ta sani.

Dogaro da hukumomin ƙetare a matsayin ma'aunin gaskiya shi ma ya fara rawa. A Janairun 2025 Trump ya sa hannu a umarnin fitar da Amurka daga WHO, cikin kwanaki kuma aka sauke shafukan lafiya da dama daga rumbun hukumar CDC ta ƙasar, sai da alƙali ya ba da umarni aka maido da wasu. A Nuwamban shekarar, ƙarƙashin Sakataren Lafiya Robert F. Kennedy Jr., hukumar ta sauya shafinta kan rigakafi da cutar galahanga ta yadda ya buɗe ƙofar shakka, saɓanin matsayin WHO da manyan ƙungiyoyin likitoci. Shekara da shekaru injinan bincike suna ɗaukar CDC a sahun gaba na amintattu. Ga yankin da bai manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara kusan 200 a Kano a 1996 ba, a tsakiyar annobar sanƙarau da ta kashe sama da mutum 11,000 a shekarar da aka ƙirƙiri Jihar Gombe, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shakkar da ta biyo baya na cikin abin da ya rura ƙauracewa rigakafin shan inna a 2003 da 2004, aka ɗauki shekaru da taimakon sarakuna da malamai kafin a kai ga 25 ga Agustan 2020, ranar da aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Yanzu mai son tada tsohon zance yana da shafin gwamnatin Amurka da zai nuna.

Na wane ofishi ne?

Masu cewa mutanen karkara rediyo suke saurare da mai unguwa da limami, ba Google ba, suna da gaskiya. Sai dai mai gabatar da shiri a rediyon, da ma'aikaciyar lafiya a ɗaya daga cikin mazaɓu 114 na Gombe, da malamin da zai yi huɗuba kan annoba, duk suna da waya, kuma da yawansu a nan suke fara dubawa kafin su buɗe baki.

Aikin da ake magana a kai bai kai kuɗin taron ƙara wa juna sani guda biyu a otal ɗin Abuja ba. Shafuka ne 'yan kaɗan, ɗaya ga kowace cuta da ke addabar yankin, a rubuce da Hausar da ake tambaya da ita, da lanƙwasa da kuma yadda ake rubutawa babu ita, a kan adireshin gwamnati da injin ya riga ya amince da shi, da sunan likitan da ya duba da ranar da ya duba. An ma taɓa share fage. A 2017 wata tawagar masana harshe da likitoci ƙarƙashin Farfesa Herbert Igboanusi na Jami'ar Ibadan, da tallafin TETFund, ta fitar da ƙamus na kalmomin ƙanjamau da Ebola cikin Hausa da Yarabanci da Ibo. An nuna ke nan likita da masanin harshe na iya zama teburi ɗaya su daidaita suna.

Cikas ɗin irin wanda duk ma'aikacin gwamnati ya sani ne. NCDC na ganin nata sa ido kan annoba ne, hukumar lafiya matakin farko na ganin nata rigakafi ne, NAFDAC na kallon kwalba, hukumar wayar da kai ta NOA na jiran a aiko mata da saƙo, NITDA na kallon kamfanoni, jiha kuma na jiran tarayya. Takardar da ta shafi ofisoshi shida ta fi kowace daɗewa a kan teburi.

Akwai ma bayanin da ya fi duk waɗannan gaggawa, wanda babu injin da zai iya ƙirƙiro shi komai basirarsa. A ƙarshen 2017 allurar kashe dafi ta yanke a cibiyoyin jinyar saran maciji, ciki har da Kaltungo da Zamko ta Jihar Filato, aka yi ta rahoton mace-mace kafin sabon kaya ya iso. Iyalin da ke shirin ɗora mara lafiya a kan babur daga wani ƙauye a Balanga ko Shongom tambaya ɗaya gare su: akwai magani yau, kuma a wane asibiti? Amsar tana rubuce a littafin mai kula da ɗakin ajiyar magani, ana sabunta ta kowace safiya da biro.